Katin da Ya Faɗo Daga Littafin Malam

Saura kwana biyu magabatan Isma'ila su kawo gaisuwa, gidan Malam Sani da ke cikin birnin Zazzau ya riga ya kaure da ƙamshin dubulan. Tun hantsin Larabar Batul take kai-kawo tsakanin madafa da ɗakin kakarta Hajo. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗauki faranti ta manta abin da za ta zuba a ciki, dariya kuma sai kuɓuce mata take yi ba gaira ba dalili.

"Ke 'yar nan, ƙasa tana nan inda kika bar ta, ki taka ta," in ji Hajo daga kan tabarmarta. "Gaisuwa ce fa za a kawo, ba sarauta ba."

"Kishi kike yi, Hajo, don an ƙwace miki ango."

"Wane ango? Wancan siririn mai kama da sillen kara? Na bar miki, ki je ki yi ta ba shi tuwo."

Batul ta rufe fuska da gyale tana dariya. Ai dole ta yi murna. Wata goma sha ɗaya aka kwashe kafin mahaifinta ya ce to. Isma'ila ɗan manoma ne daga wani ƙauye can bayan Ƙofar Kuyambana, malamin lissafi a wata sakandare a Tudun Jukun. Su kuwa gidan malanta ne tun kaka da kakanni, kuma dangi sun daɗe da sa ido a kan Auwal, ɗan yayan Malam, mai aikin ofis da mota fara. Malam bai taɓa yi mata dole ba. Ya dai yi ta jan ƙafa, ya aika bincike sau biyu, da ya rasa abin kushewa ya ce su turo ranar Juma'a.

Tana cikin kwashe dubulan ta ji muryar Malam daga zaure.

"Batulu."

Sau ɗaya ya kira, a hankali, amma har mahaifiyarta Inna Adama sai da ta dakata da juya mai a kasko. Malam ba ya kiran mace zaure a lokacin karatu.

Ta gyara mayafi ta wuce. Ɗalibai duk sun watse, takalma biyu kawai suka rage a bakin ƙofa. Malam na zaune kan buzunsa, Auwal a gefensa ya tanƙwashe ƙafa. A gaban Malam akwai wani tsohon littafin tarihin malaman birni a buɗe, a kan shafin kuma ga wani ɗan kati shuɗi.

Nan take ta gane katin.

Shekaranjiya ta saci littafin daga kantar Malam, kamar yadda ta saba tun tana firamare. Tana tsakiyar karatu ta ji takunsa, ta lalubi abin sa alama a jakarta, ta cusa abin da hannunta ya fara taɓawa, ta mayar da littafin mazauninsa da gudu. Murnar Juma'a ta mantar da ita sauran.

Katin asibitin Isma'ila ne. Shi ya ba ta ajiya, don ɗakinsa na haya kullum cike yake da 'yan ƙauyensu masu zuwa cin kasuwa, ba ya son wani ya gani.

"Wani ɗalibi ya tambaye ni shekarar rasuwar wani shehi," in ji Malam, bai dube ta ba. "Na buɗe, wannan ya faɗo. Ni ban iya Turanci ba. Auwalu, maimaita mata abin da ka karanta mini."

Auwal ya gyara murya kamar mai karanta labarai. "Sunansa ne, Baffa, Isma'ila Haruna. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A Hausance dai, wajen masu taɓin hankali. Kuma ga ranakun zuwa an jera a baya, duk Talata. Sau tara."

"Ba haka ba ne, Baba, wallahi ba..." Sai ga shi: "Hik."

Shaƙuwa. Tun tana ƙarama haka Allah ya yi ta. Wasu in hankalinsu ya tashi kuka suke yi, wasu faɗa, ita kuwa shaƙuwa ce ke kama ta, ta hana ta haɗa kalma uku. Ita ta kayar da ita a gasar muhawara a jami'a can Kongo, ga ta kuma yau a ranar da ta fi bukatar bakinta.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Baba. Hik. Damuwa ce kawai, aiki ne ya yi masa..."

"Kin sani kika ɓoye mini." Ya rufe littafin a hankali. "Ban taɓa cewa sai kin auri wanda ba kya so ba, kuma ba zan fara yau ba. Amma ba zan ɗauki 'yata in kai gidan da za a wayi gari a ɗaure mijinta da igiya ba. Auwalu, a aika wa mutanen nan kada su wahalar da kansu ranar Juma'a."

Auwal ya sunkuyar da kai kamar mai jimami. Ita kaɗai ta ga gefen bakinsa yana motsi.

* * *

Kafin azahar an sauke kasko, dubulan ya huce a cikin daro babu mai kallonsa.

Inna Adama ta fito da duk tukwanen gidan, har da na suna da ba a taɓa ba tun bara, ta zauna bakin rijiya da toka da soso tana dirza. Haka take. In ka ga tukwanen gidan Malam Sani suna ƙyalli kamar madubi, to akwai abin da ke cin matar gidan.

Batul ta durƙusa a gabanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Inna, ki saurare ni, don Allah. Mahaifinsa ya kwanta shanyewar ɓarin jiki bara. Shi ne babba, ƙanne bakwai. Da safe makaranta, da yamma darasin gida-gida, Asabar da Lahadi gona. Hik. Wata rana yana gaban allo zuciyarsa ta kama bugu, numfashi ya ƙi fita, ya zaci mutuwa ce. Aka auna zuciya, aka auna jini, lafiya lau. Likita ya ce kaya ne suka yi wa ransa yawa, ya tura shi wajen wanda zai koya masa yadda zai sauke. Ni ce ma na matsa masa ya je. Ina haukan a nan?"

Inna ba ta ɗago ba. "Ni na yarda da ke. To gari fa? Ɗalibai nawa ne a zauren nan lokacin da aka karanta? Yanzu haka maganar ta kai bakin kasuwa. Gobe in kin haihu a ce jikan Malam Sani jinin mahaukata ne."

"To shi ke nan don mutum ya je neman magani sai ya zama abin gudu?"

"Ke dai kin cika karance-karance. Wa ya aike ki ɗaukar littafin da ba naki ba?" Ta ƙara ƙarfin dirza har tukunyar na ƙara. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki kira yaron nan kafin ya ji a bakin wani."

Wannan ne abin da Batul ta fi tsoro.

Ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa cike da fara'a.

"Amarya, yanzu na fito daga wajen tela. Kawuna ya ce babbar rigarsa sai an sa mata sitaci, wai ba zai shiga birni a raina shi ba."

Ta fashe da kuka. Tsakanin kuka da shaƙuwa ta faɗa masa komai, ba ta rage ko ɗaya ba: littafin, katin, Auwal, hukuncin Malam.

Ta duba wayar ko ta katse.

"A cikin littafi," ya ce a ƙarshe.

"Ka yafe mini."

"Mahaifiyata ba ta sani ba, Batul. Abokin da muke cin abinci kwano ɗaya bai sani ba. Duk duniya ke kaɗai na ba wa, don na ce ke kin san darajar takarda."

"Na sani. Hik. Ka zage ni, ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma kar ka yi shiru."

"A gaban ɗalibai nawa?"

"Sun kai goma sha biyu."

Ta ji numfashinsa ya sauya, yana fita guntu-guntu. Ta san wannan numfashin.

"Biyu daga cikin masu karatu a zauren Malam 'ya'yansu suna ajina," ya ce. "Gobe in na juya baya ina rubutu a allo, me kike jin za su riƙa faɗa?"

"Ka zauna, don Allah, ka ja numfashi yadda aka..."

"Kar ki koya mini, Batul. Ba yau ba."

Ya kashe wayar. Ta sake kira sau shida, a kashe.

* * *

Alhamis ta waye gidan kamar an yi rasuwa. Malam ya sallami ɗalibai, ya zauna a zaure shi kaɗai da damin sillen kara da 'yar wuƙarsa, yana fere alƙalami. Ya fere ɗaya, ya duba bakinsa, ya ajiye, ya ɗauki wani karan. Ko shayin da aka kai masa bai taɓa ba.

Da hantsi Auwal ya shigo da leda cike da lemo da ayaba, ya gaishe da Hajo, sannan ya tsaya a kan Batul da ke zaune bakin ƙofa da littafi a cinya, shafi ɗaya tun safe.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri. Allah ne ya rufa miki asiri. Na gida ai ba ya ɓoye miki kati."

Ta ɗago jajayen idanunta. "Yaya Auwal, kai da ka yi digiri, ka san abin da aka rubuta a katin nan ba shi ka fassara ba. Hik."

"Na fassara yadda Baffa zai gane."

"Ka fassara yadda kai za ka samu."

Hajo ta tuntsire da dariya har goro ya sarƙe ta. Auwal ya ajiye ledar ya fice fuska a murtuke. Tsohuwar ta dogara sandarta ta miƙe, ta nufi zaure tana ɗingishi. Batul ba ta ji duk abin da aka faɗa ba, amma ƙarshen ya iso tsakar gida, don Hajo ba ta iya raɗa ba.

"Sani, ko ɓarawon akuya sai alƙali ya ji ta bakinsa. Ubanka bai taɓa yanke hukunci da takardar da bai iya karantawa ba. Ka kira yaron."

Ta dawo tana haki. "Ya ce bayan la'asar. In ya zo, ya zo. In bai zo ba, magana ta mutu."

Batul ta yi tsalle ta rungume ta har suka kusa faɗuwa. Ta ɗauki waya ta kira shi. A kashe. Ta rubuta saƙo, ta goge, ta sake rubutawa, ta goge. A ƙarshe ta tura layi biyu: Baba na son ganinka bayan la'asar. Ko ba don ni ba, ka zo ka wanke sunanka.

Daga nan lokaci ya zama abokin gaba. Ta sha ruwa kofi bakwai ba numfashi, shaƙuwa ba ta tafi ba. Hajo ta gwada dabarar da ake yi wa yara, ta daka mata tsawa wai an ce ta saci nama a tukunya, Batul ta dube ta kawai ta ce, "Hik." Inna ta gama da tukwane ta koma kan murafai.

Aka kira la'asar. Aka idar. Inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida. Motar Auwal ta tsaya a ƙofar gida, don ya ce dole a samu namiji kusa da Baffa, ba a san abin da zai faru ba.

Biyar saura kwata. Biyar.

Batul ta jingina kai da bango ta rufe ido. Ya yi daidai, ta ce a ranta, ni ma da ni ce ba zan zo ba.

Sai ta ji shi. Daga can bakin lungu, ƙarar wani tsohon babur mai tari sau biyu kafin ya mutu. A duk birnin Zazzau babur ɗaya ne ke wannan tarin.

"Hajo, shi ne. Wallahi shi ne."

"To ki sake mini hannu kar ki karya ni."

Ba ta san lokacin da ta isa zaure na biyu ba, wanda ƙofar katako kawai ta raba shi da na Malam. Ta manna ido a tsagin ƙofar. Hajo ta biyo ta, ta ja turmi ta kife ta zauna, kamar an gayyace ta.

* * *

Isma'ila ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa ya yi gaisuwa. Ya rame a kwana ɗaya. Rigarsa fara ce, a goge, amma alli ya ɓata bakin hannunta, alamar daga aji yake. Ya je aji ke nan, ta ce a ranta, bai ɓuya ba. Wani abu mai ɗumi ya cika mata ƙirji.

Malam ya tura katin gabansa da ɗan yatsa. "Naka ne?"

"Nawa ne, Allah gafarta Malam."

"To ina jin ka."

Isma'ila ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Gumi ya tsatso a goshinsa. Hannayensa da ke kan gwiwa suka fara karkarwa, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar wanda ya yi gudu. Batul ta cusa gyale a baki.

Auwal ya ja da baya kaɗan. "Baffa, ga shi nan ya fara. A matsar da wuƙar nan daga kusa da shi."

Malam bai motsa ba. Idonsa na kan ƙirjin saurayin.

"Malam, a ba ni minti ɗaya," in ji Isma'ila da kyar.

Ya runtse ido. Ya ja numfashi ta hanci a hankali, babban yatsansa na tafiya kan gaɓoɓin sauran yatsun, ya riƙe, ya sake ta baki a hankali. Sau ɗaya. Sau biyu. Batul ta samu kanta tana yi tare da shi a bayan ƙofa. A na biyar kafaɗunsa suka sauko.

"Wannan kuma me kake ƙirgawa?" Malam ya tambaya.

"Likitan ne ya ce in ya taso in riƙa jan numfashi ina ƙirga huɗu, in sake ina ƙirga shida. Ni kuma na ga in dai ƙirga ce, gara in yi ta da istigfari."

Girar Malam ta ɗan ɗaga.

Daga nan Isma'ila ya yi magana. Muryarsa na rawa amma bai tsaya ba. Ya faɗi ciwon mahaifinsa, da gonar da ta dawo wuyansa, da ranar da ya faɗi a gaban allo. Ya ce likitan bai ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, zama suke yi su yi magana. Likitan ne ya sa shi ya ajiye darasin yamma na kwana biyu, ya raba aikin gona da ƙannensa maimakon ya ce komai sai shi, ya riƙa taka ƙafa bayan asuba daga Tudun Jukun har gindin ganuwa.

"Da kowane mako abin yake zuwar mini, Malam. Yanzu wata uku ke nan bai zo ba sai jiya da yau. Ban ce na warke ba. Laifina ɗaya, da aka zo bincike ban faɗa ba, kunya ta hana ni. Wannan a yafe mini. Amma ban taɓa fita hayyacina ba, ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba."

"Duk haka suke cewa," in ji Auwal. "Namiji da imaninsa, wai damuwa. Ina tawakkali?"

"Hik."

Batul ta daskare, Hajo ta kai mata dundu a baya.

"Batulu," in ji Malam, ko juyowa bai yi ba, "ƙofar nan ba ta shaƙuwa. Koma ciki."

"To, Baba."

Ta taka ƙafa sau uku da ƙarfi a inda take, ta dawo da ido kan tsagin. Ta ga Isma'ila ya sunkuyar da kai, leɓensa na rawa, wannan karon ba don tsoro ba.

Malam ya daɗe yana juya wuƙar a hannu. Da ya yi magana, muryarsa ta sauya.

"In zai zo, ta tafin hannu yake farawa? Ka ji sun yi sanyi?"

Isma'ila ya ɗago da mamaki. "Haka ne, Malam."

"Sai ka ji kamar an ɗora maka dutsen niƙa a nan." Ya dafa tsakiyar ƙirjinsa. "Kana ganin bakin mutane na motsi, amma muryarsu kamar daga cikin rijiya."

"Wallahi kamar Malam yana wurin."

"Kuma in ya tafi, tsoron dawowarsa ya fi shi kansa wahala."

Batul ta juya ta dubi kakarta. Hajo ba ta dariya yanzu. Hawaye ne ke bin tsagar fuskarta.

"Shekara ashirin da shida," tsohuwar ta ce, karo na farko a rayuwarta da ta iya raɗa. "Tun ranar da ubansa ya rasu aka zaunar da shi kan buzun nan, manyan malamai suka kewaye shi suna jiran ya buɗe baki. Kin zaci alƙaluman nan duk rubutu ake yi da su? Buhu-buhu nake bayarwa sadaka."

Batul ta mayar da ido. Sai yanzu ta lura da tulin da ke gefen buzun, alƙaluma sun fi sittin, fere-feren kara kuwa har kan ƙafar mahaifinta. Duk tsawon rayuwarta tana ganin wannan, ta zaci son rubutu ne.

Malam ya zaro sille ɗaya daga damin. Ya juya wuƙar, ya riƙe tsininta, ya miƙa wa Isma'ila ƙotar.

Auwal ya zabura. "Baffa!"

"Zauna, Auwalu." Ya dubi Isma'ila. "Hannunka bai gama tsayawa ba. Fere mini alƙalami. Ni abin da na sani ke nan."

Isma'ila ya karɓa da hannu biyu. Yankan farko ya karkace. Ya ja numfashi, ya sake. Ɗan manomi ne, da kara ya tashi, kafin a jima wuƙar ta fara tafiya sumul, ɓawon na zuba a kan farar rigarsa. Ya tsaga bakin, ya daidaita shi a kan farcensa, ya miƙa.

Malam ya tsoma a tawada, ya ja layi ɗaya a bayan wata takarda. Ya kalli layin.

"Auwalu."

"Na'am, Baffa."

"Saƙon da na ce a aika ƙauye, an aika?"

"Ai tun jiya na tura direban ofis."

"Madalla da saurinka. To yanzu kai da kanka za ka je, da farar motar nan, ka ce wa kawunsa Juma'a tana nan bayan an sauko masallaci. Ka tafi tun da sauran rana, an ce hanyar ba ta da kyau."

Auwal ya miƙe. Ya nemi takalminsa, ya sa na dama a hagu, ya fita a haka.

A bayan ƙofa Batul ta rungume Hajo tana tsalle ba sauti, kuka da dariya da shaƙuwa duk a haɗe. Hajo ta cika baki za ta rangaɗa guɗa, Batul ta toshe mata da tafin hannu, don ta ga Malam ya matso kusa da Isma'ila, ya leƙa ƙofar waje ya tabbatar motar ta tashi.

Ya ɗauki katin shuɗin, ya juya shi gaba da baya, sannan ya miƙa masa.

"Karɓi abinka. Ka sake ba ta ajiya in kana so, amma ka sani duk abin da ya shiga jakar yarinyar nan ƙarshensa cikin littafina ne."

"Ita zan sake ba wa, Malam," in ji Isma'ila, ya ɗan ɗaga murya yadda ƙofar za ta ji. "Ba don ta yar da shi ba, da har yanzu ina ɓoyo."

Batul ta zame ta zauna a ƙasa, ta dafe ƙirji. "Hik."

Malam ya yi gyaran murya. Ya tattara fere-feren da ke gabansa, ya sake baza su. Batul ba ta taɓa ganin mahaifinta yana neman kalma ba sai yau.

"Shi wannan likitan naka," ya ce, "yana da surutu?"

"A'a, Malam. Abin da aka faɗa a ɗakinsa a nan yake tsayawa."

"Yana jin Hausa?"

"Bazazzagi ne."

"Uhm." Malam ya dubi tulin alƙaluman na ɗan lokaci. "An ce Talata."

"Talata, ƙarfe goma."

"To in za ka tafi, ka biyo ta nan. Ta ƙofar baya, wajen garken tumaki. Babur ɗin naka ai zai ɗauki mutum biyu?"

"Zai ɗauka, Allah gafarta Malam. Sai dai yana tari."

"Ni ma ina yi."

Batul ta zauna bakinta a buɗe, ta kasa ko ƙifta ido. Daga tsakar gida ta ji Inna ta ajiye murfin tukunya, ta ji an mayar da kasko kan murhu. Hajo ta share fuska da bakin zani, ta kasa kunne wajen jikarta, ta jira, ta ƙara jira.

"Ke," ta ce, "ina shaƙuwar?"

Batul ta taɓa maƙogwaronta. Ta ja numfashi har ƙasan ciki, ya fita sumul.

Sai a lokacin Hajo ta saki guɗar, har tantabarun kan soro suka tashi.